Tunanin saɓo yana faɗo mini a lokacin addu'a: ko na aikata zunubin da ba a gafartawa?

Mai Neman Haske:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Kristi. Ni ɗan Katolika ne tun ina yaro, kuma akwai damuwar da ta daɗe tana ci mini rai wadda kunya ta hana ni faɗa wa kowa baki da baki. Duk sa'ad da na durƙusa zan yi addu'a, ko na ɗauki Rosari, wato carbin addu'armu, ko a daidai lokacin da Fada ya ɗaga Jikin Ubangiji a Misa, sai munanan kalmomi game da Allah da Maryamu Budurwa su faɗo mini a zuciya, irin waɗanda ba zan iya ko rubuta su ba. Ba na son su, ba ni nake kiransu ba, amma da na kore su sai su dawo da ƙarfin da ya fi na da. Yanzu na daina karɓar Jikin Ubangiji, ina maimaita addu'a ɗaya har sai na ji ta fita da tsabta, kuma ina ta komawa furta zunubi a kan abu guda ba tare da hankalina ya kwanta ba. Abin da ya fi firgita ni shi ne maganar Yesu a Markus 3:29 cewa wanda ya yi saɓon Ruhu Mai Tsarki ba shi da gafara har abada. Shin na faɗa cikinsa ne?

Tsohon Katekis:

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, domin koyarwar Ikilisiya a kan wannan a fili take. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wato littafin da ya tattara koyarwarta, a sakin layi na 1857, ya ce sai abubuwa uku sun haɗu kafin zunubi ya zama mai kisa: abin ya kasance babba, mutum ya san hakan sarai, sannan ya amince da shi da gangan. Gaskiya ne sakin layi na 2148 ya nuna ana iya yin saɓo a zuci ba tare da an buɗe baki ba, amma abin da ake nufi shi ne mutumin da ya zaɓi ya zagi Allah don ƙiyayya ko raini. Kai kuwa ka ce ba ka son tunanin, yana ba ka tsoro, har ya sa kana guje wa bagadi don girmamawa. Wanda ya amince da saɓo ba ya shan irin wannan azaba a kansa. Yesu da kansa ya ji Shaiɗan yana ce masa ya faɗi ya yi masa sujada, kamar yadda yake a Matiyu sura 4, duk da haka Ibraniyawa 4:15 ta shaida cewa an jarabce shi ta kowace hanya amma bai yi zunubi ba.

Game da saɓon Ruhu Mai Tsarki, ka karanta ayar da ke biye, wato Markus 3:30: Yesu ya faɗi haka ne domin malaman Attaura sun ga ayyukansa da idonsu, suka ce da baƙin aljan yake yi. Sakin layi na 1864 na Katekizim ya bayyana wannan saɓo a matsayin ƙin karɓar jinƙan Allah da gangan ta hanyar ƙin tuba. Mutumin da yake ta zirga-zirga wurin Fada yana neman gafara ya yi nisa ƙwarai da wannan hali.

Bawan Ubangiji:

Ni a ganina wannan harin Maƙiyi ne, kuma maganinsa azumi da addu'a. Duk lokacin da tunanin ya zo, ka tsawata masa cikin sunan Yesu, ka yi alamar gicciye, ka sake addu'ar daga farko.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ina girmama niyyarka, ɗan'uwa Bawan Ubangiji, amma ina tsoron wannan shawara za ta ƙara masa nauyi, domin abin da yake yi ke nan tun da farko kuma bai samu sauƙi ba. Abin da ya kwatanta ya yi kama da cutar waswasi, wadda likitoci ke kira OCD, kuma tana kama kusan mutum 2 cikin 100 a wani lokaci na rayuwarsu. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Rachman da de Silva suka wallafa a 1978 ya nuna yawancin mutane masu lafiya ma suna samun munanan tunani da ba su so. Bambancin kawai shi ne su tunanin yakan wuce, mai waswasi kuwa yakan tsaya yana tuhumar kansa. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniyel Wegna, ya umarci mutane kada su yi tunanin wata farar dabba, sai tunanin nata ya riƙa dawo musu. Haka abin yake a nan: kowace tsawatawa da kowane maimaici suna koya wa ƙwaƙwalwa cewa tunanin haɗari ne da dole a sa masa ido, sai ta riƙa kawo shi. Shi ya sa tunanin yake kai hari ga abin da mutum ya fi ɗauka da tsarki.

Akwai magani. Ƙwararru kan horar da mutum ya bar tunanin ya zo ya tafi ba tare da ya yi wani abu don goge shi ba, wani lokaci kuma likita yakan haɗa da ƙwayoyi. Ba ni da ikon yanke maka hukunci daga nesa, saboda haka ka ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma yin hakan ba raunin bangaskiya ba ne. Idan ka ci gaba da Rosari tunanin ya faɗo, ka wuce zuwa ƙwayar carbi ta gaba kawai.

Tsohon Katekis:

'Yar'uwa ta yi gaskiya, kuma waliyyai sun riga mu gane hakan. Waliyyi Ignashiyos na Loyola ya sha wannan wahala a garin Manresa na ƙasar Sifen a 1522, yana ta maimaita furta zunuban da aka riga aka gafarta masa, har ya yi mako guda bai ci komai ba don neman mafita, sai da Fadan da yake furta wa zunubi ya umarce shi ya karya azumin. Ya samu 'yanci ne sa'ad da ya ƙudurta ba zai ƙara tono abin da ya wuce ba. Waliyyiya Tereza ta Lisiyo ta yi fama da waswasi kusan shekara ɗaya da rabi tun daga 1885, tana yarinya. Waliyyi Faransis de Sales kuwa ya kamanta ƙananan jarabobi da ƙudaje, waɗanda gara a ƙyale su suna shawagi da a bar aiki ana bin su da duka.

Mai Neman Haske:

Na gode, Baba Katekis, na gode, 'yar'uwa. To idan na je wurin Fada, dole ne in faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya? Kuma ranar Lahadi in karɓa ko in jira?

Tsohon Katekis:

Ba dole ba ne, kuma bai kamata ba. Ya isa ka ce masa kana fama da waswasi, munanan tunani game da Allah suna zo maka ba da sonka ba. Waliyyi Alfonsus Liguori, wanda shi ma ya ɗanɗana wannan ciwo, ya koyar da cewa mai waswasi ya riƙe Fada guda ɗaya ya yi masa biyayya, maimakon yawo daga wannan zuwa wancan yana neman tabbaci. Dokar Ikilisiya mai lamba 916 tana hana karɓar Jikin Ubangiji ga wanda ya san yana da babban zunubi ne, kai kuma shakka kake yi, ba sani ba. Ka je ka karɓa ranar Lahadi ko da tunanin ya zo maka kana cikin layi, sannan ka nemi Fada ya tsayar maka da lokacin da za ka riƙa zuwa furta zunubi, kada ka je kafin lokacin ya yi.