Kik na juyawa, mota ta ƙi tashi

Da aka tattauna wannan matsala, bakanikai da direbobi sun haɗu a kan abu ɗaya: muddin injin yana juyawa da ƙarfi, a ƙyale batir tukuna. Galibi ko mai ne bai iso ba, ko wuta ba ta zuwa fulogi.

Mai suka ce a fara bi. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen tanki; lafiyayyen famfon mai yakan yi ɗan ƙugi na daƙiƙa 2 zuwa 3. In an ji shiru, a duba fiyus kafin a ruga sayen sabon famfo, don nan mutane suka fi asarar kuɗi. Gejin mai ma yakan yi ƙarya, balle fetur ɗin 'yan bumburutu da ake samun ruwa a ciki.

In mai yana zuwa, a cire fulogi ɗaya, a mayar masa da wayarsa, a jingina shi da ƙarfen injin, a buga kik. Babu tartsatsi? Aikin rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota, ya sa kwamfuta ya duba kwayil (mai ba fulogi wuta) da sansa (mai aika wa kwamfutar mota bayanin juyawar injin).

Wani dattijo ya ja kunne, kuma ina ganin gaskiyarsa: in injin yana juyawa sakayau, da sauri fiye da yadda ya saba, wataƙila tayimin bel ne, bel ɗin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a injin), ya tsinke. A daina buga kik, domin a wasu motocin bawul kan lanƙwashe.