Neman kalma: me za mu kira takardar da ake ba wanda ya ƙirƙiro abu?

Malamin ƙere-ƙere, Unguwar Zariya

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina haɗa darasi don yaran da muke koya wa walda da gyaran mota, kuma da Hausa nake so in bayar da shi, domin rabin ajin Faransanci bai zauna musu ba. Darasin a kan mutanen da suka ƙirƙiro abu hukuma ta ba su takarda ne. Misali biyu na zaɓa, dukansu daga Jamus: na'urar lissafin kuɗin taksi da Wilhelm Bruhn ya fito da ita a 1891, da duralumin, wato sanholon da Alfred Wilm ya ƙara wa jan ƙarfe ya yi ƙwari, ya karɓi takardarsa a 1909. Kalmomi uku suka tsaya mini: taximètre, alliage, sai uwa uba brevet d'invention, wanda masu Ingilishi ke ce wa patent. Idan na ce wa yaro "brevet", BEPC zai ji, ya ɗauka Wilm jarrabawar koleji ya ci. A taimaka.

Ɗan kasuwa, Babbar Kasuwa

Wa alaikumus salam Malam. Ko me za ka yi, kada ka kusanci patent ɗin nan. Mu patanti harajin shago ne. Ranar da ka ce a rediyo "an ba wane patanti", rabin layinmu jajanta masa za su yi.

Tsohon direba, Sabon Gari

Ta taksi ba ta da wahala, Malam. Kontar ce. Kowa ya san ta wuta da ta ruwa, kowa ya san tana cin kuɗi ko kana barci. Na tuƙa taksi mai kontar a Abijan da ƙuruciyata. Da fasinja ya rufe ƙofa ka danna, kuɗin shiga su bayyana tun mota ba ta motsa ba. Daga nan tana ƙirga nisa daga juyawar taya. In kun faɗa cunkoso mota tana rarrafe, sai ta bar nisa ta koma ƙirga lokaci, don kada direba ya ƙone mai a banza. Hukuma ce ke yanka farashi, ita ke gwada na'urar, sannan a ɗaure ta da waya a matse da dalma. In jami'i ya ga dalmar nan a fashe, ba sai ya tambaye ka komai ba. Kuma duk da haka ana ha'inci: wani ya sa taya ƙarama, ta riƙa juyawa fiye da ƙima a kowace kilomita, kontar ta riƙa gudu. Nan Maradi kam bakinka ne kontar. Mai kabu-kabu ya ce dala sittin, ka ce arba'in, ku shirya a hamsin.

Ɗan Jibiya

Baba direba, mu a tsallake mita muke cewa. Kontar ɗin nan sai an yi mana fassara.

Mai fassarar labarai a rediyo

To ai ba faɗa. A rubuce a ce "ma'aunin kuɗin taksi", kowa ya gane daga Damagaram har Zariya. A baki kowa ya riƙe tasa. Malam, ka gaya wa yaran cewa sunan taksi kansa daga wannan na'ura aka gutsuro shi, kuma motar haya mai inji ta farko da aka ɗaura wa ita a Shututgat take, ƙirar Daimler, a 1897. Mu wuce.

Malamin ƙere-ƙere

Na karɓa. Sai alliage. Ni "gauraye" na rubuta, amma bai kwanta mini ba.

Ɗan mai zubin tukwane, Bagalam

Malam, na karanta wa Baba tambayar, ga abin da ya ce, yadda ya faɗa nake rubutawa:

"Gauraye na hatsi ne, ɗana. Gero da dawa in sunka gauraya, mace na iya zama da faifai ta raba su. Abin da ya narke a wuta ba mai raba shi. Mu haɗi muke cewa, wani ya ce gami. Sanholo zalla bai yin tukunyar kirki, laushi gare shi, kuma in ka zuba shi a ƙasa bai gudu, sai ya daskare bai kai bakin tukunya ba. Amma ka samu tsohon fistan na mota ko kan inji, ka farfasa ka jefa, ka ga ruwa ya tsinke yana bin kowane lungu har kunnen tukunya. Gwangwanin lemu kuwa wahala ce, ka cika buhu ka narka, rabi ya tafi a kashi, kana ta kwashe datti da ludayi. Shi ya sa muke auna hannu: kaza na fistan, kaza na tsohuwar tukunya. Kowane gida da nashi haɗin, kuma ba a faɗa wa maƙwabci."

Malamin ƙere-ƙere

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gama mini rabin darasi. Abin da ya gani da ido, dalilinsa silikon ne. Fistan na ɗauke da shi kusan kashi 12 cikin 100, kuma a wannan awo ƙarfen na narkewa a digiri 577, alhali sanholo zalla sai ya kai 660. Shi ya sa yake gudu a cikin ƙasar zubi. Gwangwani kuwa siriri ne, ga fenti, ga maganiziyam a murfinsa, iska na cinye shi tun bai zama ruwa ba. Tsakanin haɗi da gami, na fi son gami, saboda haɗi ya yi yawa a bakin mutane, har na magani da na shinkafa. "Gamin sanholo", "gamin jan ƙarfe". Ya yi.

Ɗan kasuwa

Sai dai a bambanta wa yaran gami da algus. Wanda ya jefa dalmar batir a tukunyar da za a dafa wa yara tuwo ba gami ya yi ba.

Mai fassarar labarai a rediyo

Gaskiya ne. A Kano za ka ji goran ruwa maimakon sanholo, a ambace su duka. Yanzu ga babbar. Mu a ɗakin labarai "haƙƙin mallaka" muke jefawa a kan komai, na mawaƙi, na tambarin kamfani, na mai ƙirƙira. Sauƙi ne ya sa, ba daidai ba ne.

Ɗalibar shari'a, Maradi

Yaya, gara da ka faɗa da bakinka. Haƙƙin mallaka na mawaƙi da marubuci ne, wanda BNDA, ofishin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, ke kula da shi a nan Nijar. Shi ba a roƙonsa, da ka tsara waƙarka ya tabbata, kuma yana bin magada shekaru masu yawa bayan rasuwarka. Wannan kuwa nema ake yi, a biya kuɗi, a bincika, a iya hana ka. In kalma ɗaya ta ɗauki biyun, ranar da aka je gaban alƙali za a sha mamaki.

Kafin mu raɗa suna mu dubi abin da kansa. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai ka fito da asirinka ka rubuta shi dalla-dalla, yadda duk wani gwani a sana'ar zai iya karantawa ya yi irinsa. Ita kuma ta hana kowa ƙerawa, sayarwa ko shigo da abin ba da izininka ba, har shekara 20 daga ranar da ka ajiye takardun nema. Kowace shekara kana biyan kuɗin riƙo, in ka daina ya faɗi. Wa'adi na cika, abin ya zama na kowa. Kalmar patent ma daga Latin take, ma'anarta "a buɗe". Tun 1474 Benis, birnin nan da ke Italiya a yau, ta kafa doka a kan wannan tsari. Ke nan hanyar Baba da wannan hanya kishiyoyi ne: shi yana tsare haɗinsa da shiru, Wilm ya tsare nasa da bayyanawa.

Tsohon direba

To ƴata, lasisi mana. Takardar hukuma ce ai.

Ɗalibar shari'a

Baba, lasisi izini ne a gare ka ka yi abu, kamar permi ɗinka na tuƙi. Wannan iko ne na hana wasu. Mai takardar ma shi ke ba wasu lasisi. Wilm haka ya yi: kamfanin ƙarfe na garin Duren ya karɓi izinin ƙera gamin, ana sayar da shi da sunan duralumin.

Malamin ƙere-ƙere

Tunda an zo kan Wilm, bari in faɗi abin da ya sa na zaɓe shi. A 1906 yana gwaji kusa da Balin da sanholo mai jan ƙarfe wajen kashi 4 cikin 100 da ɗan maganiziyam. Ya gasa shi zuwa wajen digiri 500, ya tsoma a ruwa, irin yadda maƙeri ke yi wa wuƙa. Ya auna, taurin bai kai yadda yake fata ba. Aka bar guntayen suka kwana biyu a ajiye, da aka sake aunawa sai ga shi sun ƙara ƙwari su kaɗai, ba wuta ba guduma. Shi kansa bai san dalili ba. Sai a 1919 masu bincike a Amurka suka bayyana cewa jan ƙarfen ne ke taruwa ƙanana-ƙanana a cikin sanholon yana tokare shi. Amma takarda ta riga ta fita shekara goma kafin nan, har an yi jiragen sama da gamin, domin hukuma "yaya ake yi" take tambaya, ba "me ya sa" ba. Ni dai "shaidar ƙirƙira" ce ta zo mini.

Mai fassarar labarai a rediyo

Shaida tana cewa kai ka yi, ba ta cewa kowa ya janye hannu. Irin wadda ake ratayewa a bango ce. Ni ga tawa: hurumi. Hurumin ƙirƙira. Fili ne da hukuma ta shata, ta ce daga nan zuwa nan ba mai shiga. Takardar kuma a kira ta takardar hurumi.

Ɗan Jibiya

Yallaɓai, a wajenmu in tsoho ya ce hurumi, maƙabarta ko makiyaya yake nufi. Kuma na jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba, ba ya kuma ƙarewa.

Ɗalibar shari'a

Ka yi gaskiya a kan asali, amma kalmar ta daɗe da fita daga bayan gari. Kullum muna ji a labarai "kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar", kuma ko a gida ana ce wa mutum "wannan ba huruminka ba ne". Abin da ya ja ni gare ta shi ne iyaka, don ita ce mutane suka fi kasa ganewa. Ba a bayar da takardar da ta game duniya. A 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa kowa ya gano hanyar fitar da sanholo da wutar lantarki ba tare da sanin ɗan'uwansa ba, kowa ya samu takarda a ƙasarsa. Mu nan Nijar muna cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke bayar da irin wannan takarda, mai hedikwata a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Takarda ɗaya ta wadatar a ƙasashe 17. Amma Najeriya ba ta ciki, dokarta daban. Wato in ɗan Maradi ya samu tasa, tana aiki a Dakar da Libarbil, amma da ka wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya ta zama takardar ƙunshe ƙosai, sai in ya je Abuja ya nemi wata. "Mallaka" ba ta nuna wannan, domin abin da ka mallaka naka ne ko'ina ka je. Hurumi kuwa da jin sa ka san akwai inda ya tsaya. Batun ƙarewa, sai a riƙa faɗin wa'adin tare da shi: hurumin shekara 20.

Ɗan kasuwa

Wato mu da kayanmu ke kwana Maradi su wayi gari Katsina, takarda biyu ke nan. Ko a nan ma sai an tatse mu.

Ɗan Jibiya

Na sauka, Hajiya. Amma "ƙirƙira" fa? Ana ƙirƙirar ƙarya ma.

Mai fassarar labarai a rediyo

Ana ƙera ta ma, ba a fasa kiran maƙeri maƙeri ba. Ga yadda zai fito a labari, ku ji ko ya zauna a baki: "Wilm ya samu hurumin ƙirƙira a kan gamin sanholo a 1909." "Hurumin ya ƙare, yanzu kowa na iya ƙerawa." "An kai kamfanin ƙara bisa shiga hurumin wani." Ta ukun nan ce ta fi burge ni, ba ta buƙatar ƙarin bayani.

Malamin ƙere-ƙere

Ta zauna. Zan rubuta su a allo haka: ma'aunin kuɗin taksi, gamin sanholo, hurumin ƙirƙira. Idan yaran suka yi tuntuɓe da wata zan dawo in faɗa.

Ɗan mai zubin tukwane

Baba ya ce a tambayi ɗiyar nan mai karatun shari'a: akwai wani murfi da ya yi mai maƙalewa, ko tukunya ta faɗi miya ba ta zuba. Yana da hurumi ko babu?

Ɗalibar shari'a

Ka gaishe da Baba. Tukunyar kanta babu, don ba sabuwa ba ce, kuma sharuɗɗan uku ne: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda kowane mai sana'a zai hango da sauƙi ba, kuma a iya ƙera shi a yi amfani da shi. Murfin kuwa zai iya shiga ƙaramin hurumi, wanda OAPI ke bayarwa ga irin waɗannan gyare-gyare na kayan aiki, na shekara 10. Akwai ofishin da ke karɓar takardun a Yamai, ba sai an je Yawunde ba. Sai dai ka tambaye shi ko ya riga ya fara kai murfin kasuwa. Idan ya fara, sabuntar ta tafi. Idan bai fara ba, ya ajiye shi a ɗaki, kada ku sa hotonsa a Facebook, har sai an shigar da takardun.