Oktoberfest: Hawan gargajiya ne ko taron mashaya?

Kabiru: Salamu alaikum jama'a. Jiya Lahadi na tsaya bakin titi a nan Munik, babban birnin jihar Bavariya a Jamus, na kalli jerin gwanon bikin Oktoberfest, ga hoto nan na turo. Dawakai sun sha ado, ga 'yan bindiga, ga makaɗa, kowane ƙauye da irin shigarsa. Wallahi sai da na tuna hawan Daushe. Ni a ganina mun zalunci bikin nan da muke ce masa bikin giya. Bikin gargajiya ne, giyar 'yar rakiya ce kawai.

Yaya Bala: Wa alaikumus salam. Ƙanena, watanka nawa a garin nan? Cikin kwana 16 zuwa 18 ana shanye lita miliyan shida zuwa bakwai a filin can. In wannan ce 'yar rakiya, ina son in ga amaryar.

Kabiru: Yaya, ai amaryar tana nan a tarihi. Ranar 12 ga Oktoba 1810 Yarima Ludwig na Bavariya ya auri Gimbiya Therese, bayan kwana biyar aka yi sukuwa a bayan gari, aka gayyato talakawa kallo. Har yau filin sunanta yake ɗauke da shi, Theresienwiese. A 1811 aka ƙara baje kolin noma da dabbobi. Ina giya a nan?

Malama Hauwa: Tarihinka daidai ne Kabiru, ba wanda zai ja da kai. Amma ina sukuwar take yanzu? An bar ta tun tuni, a 2010 ma don cikar shekara 200 aka farfaɗo da ita. Ka dubi yadda ake buɗe taron. Ƙarfe 12 na ranar Asabar magajin gari zai shiga rumfar Schottenhamel da gudumar katako, ya buga famfo a jikin ganga, ya ce "O'zapft is", wato an fasa. Kofin farko shugaban gwamnatin jihar ake miƙa wa. Tun 1950 magajin gari ke fasa gangar, har ƙirga masa ake yi sau nawa ya buga kafin ta zubo. Taron da aka buɗe da wannan, sai ka ce min na dawakai ne?

Danjuma: Ku yi haƙuri in sa baki. Ku duka kuna magana kamar gargajiya da giya ba sa zama a tabarma ɗaya. A ƙauyenmu a Filato, ranar gayya in ba a kawo burukutu gona ba, ba wanda zai ce an yi gayya. Ni ba na sha, mahaifina ma ya bari tun da ya zama dattijon coci, amma ba zan ce ba al'adar kakannina ba ce. Haka mutanen Bavariya. A 1516 suka kafa dokar da ta ce ban da ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci kada a sa komai a giya, kuma suna tinƙaho da ita kamar yadda Bakano ke yi da marina. Don haka Kabiru ya yi gaskiya da ya ce gargajiya, ya yi kuskure da ya ce 'yar rakiya.

Abin da ke ba ni haushi daban ne. Ana tallar bikin kamar na masu dafa giyar gari ne, alhali a manyan rumfuna kamfani shida kaɗai aka yarje wa: Augustiner, Hacker-Pschorr, Hofbräu, Löwenbräu, Paulaner da Spaten. Biyu daga ciki, Spaten da Löwenbräu, mallakar AB InBev ne, kamfanin da ke da giyar Trophy da Hero a Najeriya. Ƙaramin mai dafawa na unguwa sai dai ya leƙa. Kofi ɗaya kuwa a wasu rumfuna ya haura Yuro 15 tun 2024.

Yaya Bala: Yauwa Danjuma. Kasuwa ce. Baƙi miliyan 7.2 a 2023, otal ya ninka kuɗi, tasi ba ta samuwa.

Anti Rabi: Ni asibiti nake aiki, kuma aikin dare nake yi wannan makon. Ba zan yi dogon bayani ba. Su da kansu suna da kalmar da suke kiran waɗanda suka sha suka zube, Bierleichen, gawarwakin giya. Giyar bikin ta fi ta kullum ƙarfi, kofin kuma lita guda ne cur, baƙo bai sani ba sai ya ji ƙasa. Har wurin fakewa na musamman aka ware wa mata a filin saboda masu kai hannu. Kabiru, in ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ƙarfe 11 na dare ka dawo mu yi maganar hawan Daushe.

Kabiru: Anti, na ji. Amma da rana fa iyalai ne da yara, ga lilo, ga gasasshiyar kaza, ranar Talata ma rangwame ake yi wa iyali. Kuma wani ɗan ajinmu ya ce masu raba kofuna na samun kuɗin da zai riƙe ɗalibi wata da watanni. Na fara tunani.

Malam Sani: To ga inda maganar ta dosa tun farko. Kabiru, kallon jerin gwano a titi, wannan tsakaninka da zuciyarka. Ɗaukar kofi kuwa ba ruwansa da ko sunan taron gargajiya ne. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya ambaci mai ɗauka da mai sayarwa da mai shayarwa. In aiki kake nema ka same ni ta gefe, akwai wurin da ake neman masu jera kaya.

Danjuma: Wannan ɓangaren naku ne Malam, ba zan tsoma baki ba.

Kabiru: Na gode Malam, zan kira bayan la'asar. Na janye 'yar rakiya. Amma dawakai ban janye ba, da idona na gan su.

Malama Hauwa: Ka buɗe hoton da ka turo da kyau. Me dawakan suke ja?

Kabiru: Keke ne mai furanni... da ganguna.

Yaya Bala: Na kiɗa?

Kabiru: A'a, Yaya.