Waɗanne takardu ne ke tsayar da ƙaramin jirgin sama wata da watanni kafin ya fara tashi?

Akawu, Maigatari:

Assalamu alaikum. Ni ne nake riƙe wa wani Alhaji lissafi, mai harkar riɗi da zoɓo a nan Maigatari. Shi da abokan cinikinsa biyu suna shawarar haɗa kuɗi su sayi ƙaramin jirgin sama na hannu, mai cin mutum takwas, wanda zai riƙa ɗaukar su daga Dutse zuwa Abuja da Legas, ranar da ba su da tafiya kuma a ba da shi haya ya ciyar da kansa. Dillalin da ke nema musu jirgin a Amurka ya ce ciniki ba zai ja lokaci ba, amma kada su sa rai jirgin ya fara aiki sai bayan watanni, saboda takardu. Alhaji yana ganin dabara ce ta ƙara cin kuɗinsa. Don Allah masu sani, waɗanne takardu ne haka?

Tsohon Injiniya, Ringim:

Wa alaikumus salam, Malam Akawu. Dillalin bai yi ƙarya ba. Alhaji ya haɗa abu biyu ne da doka ta raba. Jirgin da mai shi zai hau da iyalinsa da baƙinsa, ba a karɓi ko sisi ba, izininsa daban ne a hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, kuma shi ake kira PNCF. Da zarar an ce haya, an koma layin kamfanonin jiragen shata: sai an sami izinin gudanar da harkar, sannan takardar AOC, wato shaidar cewa kamfani ya cancanci gudanar da jirgin kasuwanci, wadda ita ce mai cin lokaci.

Matakinta biyar ne. Za a fara zama da jami'an hukumar kafin a miƙa buƙata, sai a miƙa ta a rubuce, sai su duba littattafan aikin kamfanin, sai a gwada a aikace har da tashi da jirgin a gaban sufetoci, sannan a ba da shaida. A mataki na uku ake daɗewa. Littafin tafiyar da jirgi, da na gyara, da na horar da matuƙa, da jerin na'urorin da jirgi zai iya tashi ko da sun lalace, kowanne sai sufeto ya bi shi shafi shafi. In ya ga lambar wata na'ura ba ta yi daidai da wadda ke jikin jirgin ba, littafin zai dawo a gyara, ya sake bin layi. Mutane da yawa suna kwafo littafin wani kamfani su canza suna kawai, nan suke jefa kansu. Ga kuma binciken jami'an tsaro a kan masu kamfanin, wanda ba a hannun NCAA yake ba. Takardun nan kamar layin buloli suke, ba a ɗora na sama sai na ƙasa ya zauna, kuma duk tsawon jiran albashin matuƙa da inshora da kuɗin ajiye jirgi suna tafiya.

Ku ja kunnen Alhaji a kan gajeriyar hanyar da za a nuna masa, wato a karɓi PNCF a riƙa haya a ɓoye. A 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage a kan haka, ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya kuma kafa kwamiti a kan shatar da ba ta bisa ƙa'ida. In aka yi hatsari da fasinjan da ya biya kuɗi, kamfanin inshora yana da hujjar ƙin biya.

Mai Fito da Kaya, Kazaure:

Baba Injiniya ya gama magana a ɓangarensa, ni zan ƙara na kwastan. Dole ku yanke shawara tun yanzu: jirgin zai koma rajistar Najeriya, lambarsa ta fara da 5N, ko zai ci gaba da lambar Amurka mai farawa da N? Masu barin lambar waje sukan shigo da shi da izinin shigowa na wucin gadi, wanda yake da wa'adi, kuma hukumar kwastan ta bi sawun takardun jiragen masu zaman kansu a 2021, ta sake a 2024. Sannan jirgi mai lambar Amurka yana ƙarƙashin hukumarsu ta FAA ko da a Dutse yake kwana. Alal misali, tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 ana jera jirage da tazarar ƙafa 1,000 kacal, kuma sai da amincewa ta musamman ake hawa can. Amincewar da sunan mai gudanar da jirgin take fita, saboda haka ta tsohon mai shi ba za ta bi ku ba. Kafin taku ta fito, jirgin zai riƙa tashi ƙasa da haka yana shan mai fiye da kima.

Manomi, Gumel:

Ni dai shawarata, su danƙa jirgin a hannun kamfanin da ya riga ya mallaki AOC, ya sa shi cikin jiragensa, a yi yarjejeniyar rabon kuɗin haya. Shi ma sai NCAA ta amince, amma ya fi kafa sabon kamfani sauƙi nesa ba kusa ba.

Akawu, Maigatari:

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya, Baba Injiniya: Alhaji yana da abokan ciniki a Damagaram, ga ta nan kusa da mu. Zuwa can ma sai da takarda?

Tsohon Injiniya, Ringim:

Ƙwarai kuwa. Kusanci ba ya sauya komai, tunda wata ƙasa ce. Sai an nemi izinin shiga da sauka daga hukumar jiragen saman Nijar kafin ranar tafiya, a shigar da tsarin tafiyar a wurin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, a kuma tashi daga filin da jami'an shige da fice da kwastan suke aiki, kamar na Malam Aminu Kano. In Umra ce, kowace ƙasar da za a ratsa samaniyarta da nata izinin, ga kuma na sauka a Saudiyya.