Tamosta: wane suna za mu raɗa masa?

'Yan uwa masu harkar tsofaffin motoci, akwai wani ƙarfe da nake so mu tsayar wa suna. Girmansa bai wuce ya cika tafin hannu ba, mazauninsa kuma bakin tiyon sama ne, inda ruwan zafi ke fitowa daga inji ya nufi lagireto. Makanikai tamosta suke ce masa. Yaran gareji da yawa ba su taɓa ganin sa a cikin mota ba, don tun kafin a haife su aka cire shi aka jefa a kwandon tarkace.

A wani gareji da ke gefen hanyar Kura na ga irin na dā, wanda aka tono daga buhun ƙarafa. Tagulla ne mai ninki-ninki, da ɗan faifai a kansa. Yaro ɗaya ya ce na risho ne, wani ya ce cikin oda ne. Tsohon makanikin wurin ya karɓa, ya jefa shi a gwangwanin ruwan da ke kan wuta. Ruwan na gab da tafasa ninkin ya miƙe, faifan ya ɗaga. Da ya tsamo shi ya huce, sai ya koma ya rufe. Ya dube ni ya ce, "To Malam, ka ga aikinsa ke nan." Na ce, "Baba, da Hausa fa?" Ya ce shi dai tamosta ya ji a bakin maigidansa.

Idan inji na sanyi, ƙarfen nan yana rufe hanya, ruwa ya riƙa zagaye a cikin injin kaɗai har ya ɗumama. Zafi na kai wajen digiri 80 ko sama kaɗan, sai ya buɗe ruwa ya wuce lagireto. Mai ninkin nan wani ruwa ne a cikinsa mai saurin zama tururi. Na baya-bayan nan kuwa kaki ne a ciki, yana narkewa ya kumbura ya tura ƙusa. An bar na ninkin ne da aka fara yi wa lagireto murfi mai riƙe matsi, domin matsin yana danne ninkin ya hana shi buɗewa a kan kari.

Sunan da aka fara kawo min shi ne "ma'aunin zafi". Ban karɓa ba. Ma'auni allurar nan ce ta gaban direba, tana faɗa maka abin da ake ciki amma ba ta tare komai. Wani ya ce "makunnin zafi". Wannan suna yana da mai shi, kuma a tsofaffin Fijo ma yake. 404 da ta fito a 1960 da 504 ta 1968, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, suna da fanka mai maganaɗisu: tana lilo kawai a kan famfon ruwa, sai ruwa ya yi zafi wani ɗan makunni ya ba ta wuta ta kama. Shi ya cancanci a kira makunni. Galibin akori-kurar da ke ɗaukar tumatir a yankinmu an riga an ɗaure musu fankar "dairek", shi ya sa wanda ya ga 'yar wayar nan a rataye kusa da fambel yake rasa ta mece ce.

"Ƙofar ruwa" ta yi daɗi a baki, har na kusa amincewa. Sai wani ya tuna mana cewa kayan gyaran ma a kasuwar Ƙofar Ruwa ake sayo su. Ka aiki yaro Kano ka ce ya je Ƙofar Ruwa ya sayo ƙofar ruwa, sai ya dawo maka da kuɗinka. Ban da raha ma, sunan yana da gibi. Volkswagen Bitil ba ta shan ruwa ko ɗigo, iska ke sanyaya ta, amma tana da tamosta mai ninki a ƙarƙashin inji, yana jan sanda ya buɗe ko ya rufe 'yan marafan iska. Duk sunan da ke ɗauke da "ruwa" ya bar ta a waje.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne madatsin zafi. Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ya san yadda ake datse ruwa a kanal har sai lokacin sakinsa ya yi. Ƙarfen nan haka yake yi wa zafi, ko ruwa ke ɗauke da shi ko iska. An ce ai madatsa ta Tiga ce. Gaskiya ne, amma madatsa wuri ce, kamar makaranta da mahauta. Madatsi kayan aiki ne, ɗan uwan mabuɗi da makulli. Daga nan sai a bambanta: madatsi mai ninki, madatsi mai kaki.

Akwai dalilin da ya sa nake nacewa. Makaniki na cire tamosta ne don mai kakin idan ya lalace yakan ƙame a rufe, inji ya tafasa a tsakiyar bazara, gaskit ya ƙone. Tsoron yana da tushe. Amma mai mota da aka ce masa "na cire tamosta" bai san me ya rasa ba. Da za a ce masa an cire madatsin zafi, zai tambaya, kuma zai gane dalilin da ya sa motarsa ke shan mai da safiyar hunturu, tana tafiya daga Kura har Kwanar Dangora allura ba ta tashi ba.

Wanda ya ji wani suna a bakin tsofaffin makanikan Ringim ko Haɗeja, ya ajiye mana shi a ƙasa, da ƙirar motar da aka ciro ƙarfen a cikinta.