Kwalliya ta biya kuɗin sabulu: wane irin biya ake nufi?

Malamin firamare, ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum. Muhawarar da ta ɓarke a ƙofar gidanmu jiya bayan la'asar ce ta sa na kawo wannan karin magana. Ƙanena ya gama ginin soronsa na ƙasa, maimakon ya tsaya a yaɓe sai ya sake kiran magini ya zana masa dagi a saman ƙofa, ya kuma ɗora zanko, wato tsinin nan na saman soro, a kusurwoyi, aikin da ya ci masa abin da zai sayi rabin buhun gero. Kawunmu ya tsaya ya ƙare wa ginin kallo, sannan ya ce kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, domin dagi ba ya hana ɗaki yoyo. Tambayata ita ce: idan Bahaushe ya ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu, me ya ɗauka a matsayin biya?

Manomi, ƙasar Gezawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina bayan kawunku. Wannan magana lissafi ce tsantsa: sabulu shi ne abin da ka kashe, kwalliya kuwa abin da ka samu. Wanda ya zuba taki a gona ya ga dame ya ƙaru, shi ne zai faɗe ta. Zanen bango ba a kai shi Dawanau a auna.

Hajiya, ƙasar Kazaure:
Ɗana na Gezawa, ka ɗauke maganar daga inda aka haife ta ka kai ta gona. A ganina daga ɗakin mata ta fito, tunda sabulu da kwalliya kayanmu ne. Yarinya ta yi wanka da sabulun salo, ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta na fita biki, wa yake ƙirga mata kuɗi a hannu idan ta dawo? Babu. Biyan shi ne an gan ta, an yaba, ita ma ta ji a ranta cewa ta fito. Ka tuna yadda ake ƙunshi: a kwaɓa lalle da daddare, a shafa a ƙafa, a naɗe da ganye da tsumma, mace ta kwana ba ta iya taka ƙasa, alhali ta san bayan 'yan makonni jan zai koɗe. Duk da haka ban taɓa jin wadda ta kwance ƙunshi da asuba, ta ga ya kama, ta ce ta yi asarar barci ba. Haka ma faifai. Fari da mai launi duk suna rufe tuwo, amma ranar da za a kai abinci gidan surukai kowace mace ta san wanda take zarowa daga bayan gado.

Ɗan marina, Kura:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ina so in nuna wa Baba na Gezawa cewa ko a kan ma'auninsa na kuɗi, ado ya daɗe yana biya. A gidan rini na tashi. Farin ƙyalle ɗaya ne da kowane farin ƙyalle, amma idan ya shiga karofin da aka haɗa da baba da toka da katsi, aka tsoma aka ɗaga ya sha iska, aka sake tsomawa har shuɗin ya yi duhu, sannan aka kai shi wurin masu bugu suka barbaɗa shuni suka yi ta dukansa a kan gungume har ya riƙa walƙiya, to ya zama wani abu dabam, farashinsa ma dabam. Bugun nan bai ƙara wa yadi kauri ba, bai sa ya fi kare sanyi ba, ƙyalli kawai ya ƙara masa, kuma wannan ƙyallin ne Buzaye suke ratso sahara suna nema domin rawani, har shunin yana rina musu fuska suna murna. Karofin Ƙofar Mata a birnin Kano ana danganta kafuwarsa da shekarar 1498, wato mutane sun shafe fiye da shekara 500 suna ci da iyalansu daga launi.

Amma ga inda ma'aunin kuɗi yake ba ni tsoro. Yau ramukan rini da yawa a garuruwanmu sun cike da shara, domin atamfa da shadda na masana'anta sun fi araha. Idan har biya yana nufin ciniki kaɗai, sai mu ce rini ya daina biya, a binne sauran ramukan a huta. Zuciyata ba ta karɓi wannan hukunci ba, ko da yake na kasa kare kaina da lissafi.

Manomi, ƙasar Gezawa:
Na karɓi rabin maganarka, ɗan Kura, domin mai rini sana'a yake yi, ni ma rigar sallata mai aska takwas ce, ba zan ɓoye ba. Abin da nake ƙi shi ne adon da ake ciwo bashi dominsa. Na ga uban da ya jinginar da gona saboda jeren ɗakin 'yarsa, kwanukan suna nan a kabad ba a taɓa zuba miya a cikinsu ba, gonar kuwa ta tafi. Wanda ya ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne kuma ya san kyan ɗan maciji.

Malamin tsangaya, Birnin Kudu:
Wannan gargaɗi yana kan hanya, amma almubazzaranci ake zargi a nan, ba kyau ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, wani ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya amsa cewa Allah kyakkyawa ne, yana son kyau, ya kuma bambanta wannan da girman kai. A tsangaya, allon da yaro yake karatu da shi kullum ana wanke shi a sake rubutu, amma na sauka zayyana ake yi masa da tawada mai launi, a yi ta jan layi da zube ana kwanaki a kansa, kuma ba a wanke shi. Ayoyin da ke ciki ba su canza ba, sai dai duk wanda ya ga yaron riƙe da allon ya san shekarun da suka shige kafin wannan rana.

Mu nan garin muna da shaidar da ta girmi karin maganar kanta. A duwatsun Habude da Mesa akwai zanen shanu da mutanen da suka riga mu suka yi a jikin dutse, har hukuma ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa. Makiyayin da ya zana saniya bai ƙara ko ɗan maraƙi a garkensa ba, amma ta wannan zanen muka san ya zauna a nan. Baba na Gezawa kuma ina tambayarsa, cikin girmamawa: me ya sa mai gayya yake kiran masu gangar noma, alhali makaɗi ba ya riƙe fartanya?

Manomi, ƙasar Gezawa:
Allah ya gafarta Malam, wannan ai a fili take. Samari sun fi saurin nome kunyoyin gona idan ana kiɗa ana yi musu kirari. To amma ka ga a nan ma amfanin gona ne ya biya makaɗin.

Malamin firamare, ƙasar Ringim:
Na gode muku duka. Na je na sami maginin da safe, ya ce kawu ya yi gaskiya game da dagi, makuba ce take kare bango daga ruwa, ita ma daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta. Amma ya ce zanko ba ado ba ne kawai, domin yana ƙara wa kusurwa nauyi a inda ruwan sama ya fi cin gini, kuma a jikinsa suke maƙala igiya idan za su hau yaɓe. Na kai wa kawu wannan bayani, na kuma tuna masa cewa ɗazu da kansa ya yi wa wani mai babur kwatancen gidanmu da cewa soron nan mai dagi. Ya ce zanko ya yafe, amma kwatance ba kuɗi ba ne, kuma yana nan yana jiran ya ga abin da damina za ta bari na zanen.