Yaya aka yi rundunar da aka shekara 20 ana ginawa a Afganistan ta watse cikin kwana goma?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya game da yaƙin Afganistan, kuma ina roƙon waɗanda suka bi labarin tun daga tushe su warware mini ita. Lokacin da Amurka da Birtaniya suka fara ruwan bama-bamai a ranar 7 ga Oktoba, 2001, ina ƙaramin yaro, saboda haka ƙarshen yaƙin kawai na gani da idona, wato hotunan filin jirgin saman Kabul a watan Agustan 2021, inda mutane suke bin jirgin soja da gudu, wasu har suna maƙalewa a jikinsa yana shirin tashi. An ce sojoji da 'yan sandan gwamnatin Kabul sun kai kimanin 300,000 a rubuce, kuma Amurka ta kashe sama da dala biliyan 80 wajen horar da su da ba su makamai. Amma daga ranar 6 ga Agusta, da garin Zaranj ya faɗa hannun Taliban, zuwa ranar 15 ga wata, da Shugaba Ashraf Ghani ya tsere aka shiga Kabul, kwana goma ne kacal. Shin tsoro ne ya kama sojojin, ko sayar da su aka yi, ko kuwa tun asali babu rundunar?

Tsohon Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan fara da cire maganar tsoro, domin zalunci ne a jingina ta ga mutanen da suka mutu da yawa haka. Ashraf Ghani da kansa ya faɗa a farkon 2019 cewa jami'an tsaron ƙasar sama da 45,000 aka kashe tun hawansa mulki a 2014, alhali sojojin Amurka da suka mutu a tsawon shekaru ashirin ɗin ba su kai 2,500 ba, na Birtaniya kuma 457 ne. Wanda ya yi irin wannan asara yana tsaye a bakin daga ba za a kira shi matsoraci ba.

Abin da na fahimta shi ne, an gina rundunar ne a kan fasalin rundunar Amurka, wadda ba ta motsi sai da jiragen sama. Ƙananan sansanoni ne birjik a kan duwatsu da bakin hanyoyi, kuma yawancinsu ta sama ake kai musu abinci da harsasai, ta sama ake kwashe waɗanda suka ji rauni, ta sama kuma ake kawo musu ɗauki idan an kewaye su. Jiragen nan kuwa 'yan kwangila na ƙasashen waje ne suke gyara su. Da sojojin ƙawance suka fara tattara kayansu a 2021, 'yan kwangilar suka bi su, jirage suka riƙa lalacewa suna zama a ƙasa. Ka ɗauki sojan da yake wani sansani a lungun Helmand, watanni ba a biya shi albashi ba, harsashinsa ya kusa ƙarewa, ya kira a rediyo babu mai zuwa. Sai ga dattawan ƙauye sun hauro da saƙo daga Taliban, cewa idan suka ajiye makamai za a bar su su koma gida lafiya. Haka gundumomi da yawa suka faɗi tun daga watan Mayu, da sulhun dattawa, ba tare da an yi wani artabu ba, kuma kwana goman da kake magana a kai ƙarshen wannan zaizayar ne kawai. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Adadin 300,000 ɗin ma akwai lauje cikin naɗi, domin ofishin babban mai binciken da majalisar dokokin Amurka ta kafa kan kuɗin sake gina Afganistan ya sha yin gargaɗi game da sojojin bogi, wato sunayen da suke cikin takardar albashi amma babu masu su, kwamandoji suna karɓe kuɗin. Ga abin kwatance daga tarihin ƙasar: da Tarayyar Sobiyet ta janye a Fabrairun 1989, gwamnatin Shugaba Najibullah da ta bari a Kabul ta ƙara shekara uku a tsaye, kuma ba ta faɗi ba sai a 1992, bayan da man fetur da kuɗin da Mosko take aikowa suka yanke.

Bazazzagi ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina ganin an fara labarin daga tsakiya. A nawa ra'ayin, an yi asarar yaƙin nan tun a watan Disamban 2001, a taron birnin Bon na Jamus, inda aka naɗa Hamid Karzai shugaban riƙo kuma ba a gayyaci Taliban ba, duk da cewa a lokacin sun karye, wasu manyansu ma suna neman hanyar miƙa wuya. Aka raba muƙamai ga tsofaffin madugan yaƙi, waɗanda ta'asarsu ce ta sa jama'a suka yi maraba da Taliban tun farko a shekarun 1990. Sannan a Maris ɗin 2003 Amurka ta karkata hankalinta zuwa Iraƙi, su kuwa shugabannin Taliban suka tsallaka iyaka suka sake haɗuwa a birnin Kwetta na Pakistan, mayaƙan Haƙƙani, wani reshe na Taliban, kuma suka kafa sansani a Waziristan ta Arewa, ita ma a Pakistan. Iyakar nan da Turawan Ingila suka shata a 1893 ta raba ƙabilar Pashtun gida biyu, tsawonta ya haura kilomita 2,500, kuma babu rundunar da ta taɓa iya toshe ta. Ɗan tawayen da yake da inda zai je ya yi jinya, ya huta da hunturu, ya dawo idan dusar ƙanƙara ta narke, ba a gama da shi. Kada mu manta Usama bin Ladan ma, wanda saboda shi aka shiga yaƙin, a Abotabad ta Pakistan aka kashe shi ranar 2 ga Mayu, 2011.

Kuskure na biyu shi ne sanar da ranar tafiya. A Disamban 2009 Shugaba Obama ya ƙara sojoji 30,000, har na Amurka kaɗai suka kai kusan 100,000, amma a cikin jawabin guda ya ce za a fara janye su a Yulin 2011. Daga nan duk wani mai gari ya san waɗanda za su tafi da waɗanda zai ci gaba da zama da su. Yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairu, 2020, ita ta ƙarasa aikin, domin Zalmay Khalilzad, wakilin Amurka, da Mulla Abdul Gani Baradar na Taliban ne suka sa hannu, gwamnatin Kabul ba ta cikin ɗakin, sannan aka matsa mata ta saki fursunonin Taliban 5,000. Ta yaya za a ce wa soja ya mutu saboda gwamnatin da ubangidanta ya riga ya yi ciniki a bayan idonta?

Uwar 'Yan Biyu ta amsa:

Na karanta bayanan Malam da na ɗan'uwa Bazazzagi, kuma duk sun yi magana a kan sojoji da shugabanni, amma ni talakan ƙauye nake so a duba, domin shi ne ya yanke hukunci. Mutumin da yake rikicin gona da maƙwabcinsa, idan ya je kotun gwamnati sai ya ba da cin hanci kuma ya yi ta zarya, idan ya je wurin alƙalin Taliban kuwa, wanda sau da yawa a kan babur yake yawo, a cikin 'yan kwanaki an yanke magana kuma babu mai iya ƙin bi. Hukuncin yana da tsauri, wani lokaci ma da rashin tausayi, amma ga wanda aka ƙwace wa gona ya fi jiran gawon shanu. A can sama kuwa ga badaƙalar Bankin Kabul ta 2010, inda kusan dala biliyan ɗaya ta salwanta, ga zaɓen 2019 da ya ƙare da mutum biyu, Ghani da Abdullah Abdullah, kowa ya rantsar da kansa a rana ɗaya a Maris ɗin 2020. Ga kuma samamen dare da ake fasa ƙofofin gidaje a shiga har ɗakunan mata, da jiragen da suke kuskuren wuri, kamar harin da aka kai asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz a Oktoban 2015, wanda ya kashe mutum 42. Su ma 'yan Taliban bama-bamansu na gefen hanya da na ƙunar baƙin wake sun hallaka fararen hula dubbai a kasuwanni da hanyoyi. Talaka ya zama gaba kura baya sayaki, kuma wanda ya gaji haka ba ya fitowa kare kowa.

Sai dai ba na jin daɗin yadda wasu 'yan'uwa suke ba da labarin nan kamar wasan ƙwallo da ƙungiyarsu ta ci. A cikin shekarun nan ashirin miliyoyin yara mata sun shiga makaranta, yau kuwa an rufe musu sakandare, kuma tun Disamban 2022 an hana su jami'a. Ni da nake da 'ya'ya mata biyu a aji, ba zan iya karanta wannan in wuce ba.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Hajiya, maganarki gaskiya ce. Mu a nan mun ga wani abu mai kama da wannan daga kusa, domin rundunar Barkhane ta Faransa ta shekara takwas a Sahel kafin a rufe ta a 2022, sojojin Faransa suka bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka kuma suka bar sansanin Agadas a 2024. Amma ina jan hankalin masu saurin kwatance, saboda a nan gwamnatoci ne suka sallami baƙin kuma rundunonin ƙasa suna nan, a can kuwa baƙin ne suka tafi da ƙafar da gwamnati take tsaye a kai.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar dattawan da suke hawa sansani da saƙo, domin ban taɓa tunanin gari yana iya faɗuwa ta wannan hanya ba. Malam, saura abu ɗaya: na ji an ce sojojin Amurka sun bar Bagram, babban sansaninsu na jiragen sama da ke arewa da Kabul, a farkon Yulin 2021 cikin dare, kuma kwamandan Afganistan da zai gaje su ya shaida wa manema labarai cewa sai bayan sun tafi ya samu labari. Da a ce sun riƙe Bagram har ƙarshe, an kwashe mutane ta can, shin da an kauce wa harin ranar 26 ga Agusta a ƙofar filin jirgin Kabul, wanda ya kashe sojojinsu 13 da 'yan Afganistan kusan 170?